Ganimar Gidajen Tarihi: Abin Da Ke Hana Kayan Da Aka Kwashe A Yaƙi Komawa Gida

A ranar 16 ga Disamba 1939, wata uku da 'yan kwanaki bayan sojojin Jamus sun afka wa Poland, gwamnan da Hitler ya naɗa a birnin Krakow, Hans Frank, ya sa hannu a kan dokar da ta ba gwamnatinsa ikon karɓe kayan fasaha masu daraja daga gidajen tarihi da majami'u da gidajen manyan ƙasar. Waɗanda suka zartar da dokar masana tarihin zane-zane ne masu zurfin karatu, ƙarƙashin jagorancin wani ɗan Ostiriya mai suna Kajetan Mühlmann, waɗanda suka bi ma'adana-ma'adana da littattafan rajista a hannu, suna zaɓe suna rarraba kayan daraja-daraja, har suka buga kundi mai ɗauke da abubuwa 521 da suka ga sun fi sauran. A takardunsu kuwa, sunan wannan aiki shi ne adanawa.

Wannan shi ne abu na farko da ya kamata a fahimta game da kwasar kayan gidajen tarihi a lokacin mamaya, domin daga gare shi ne sauran wahalhalun suka samo asali. Ɓarawon gari ya san sata ya yi, shi ya sa yake ɓoyewa, kuma ranar da aka kama shi da kaya a hannu magana ta ƙare. Gwamnati kuwa takan zo da hujja da doka da hatimi, ta rubuta abin da ta ɗauka, ta ba shi lamba, ta gina masa ɗaki, sannan bayan shekaru jikokin waɗanda suka ɗauka su taso suna ganin abin a matsayin gadonsu. Doka ba ta yi shiru a kan lamarin ba. Tun 1907 Yarjejeniyar Hague kan ƙa'idojin yaƙin ƙasa ta haramta wasoso ƙarara, sashe na 56 kuma ya hana ƙwace ko lalata kayan fasaha da na ilimi, ko da mallakar gwamnatin da aka ci da yaƙi ne. Jamus tana cikin ƙasashen da suka amince da ita. Saboda haka tambayar da ta dace a yi ita ce me ya sa, duk da wannan doka, wasu kayan suka koma cikin shekara guda, wasu suka yi shekara saba'in, wasu kuma har yau suna inda aka kai su.

Jamus ta Nazi ba ta yi wa ƙasashen da ta mamaye kwasa iri ɗaya ba, kuma bambancin yana da ma'ana. A Faransa, manyan ma'adanan gwamnati sun tsira gwargwado. Jacques Jaujard, babban jami'i a hukumar gidajen tarihin ƙasar, ya kwashe kayan gidan tarihin Louvre na Paris zuwa tsofaffin fadoji na karkara irin su Chambord tun cikin Agusta 1939, kafin a yi harbin farko, kuma mahukuntan Berlin suna ganin babu gaggawa, tunda idan yaƙi ya ƙare za su karɓi abin da suke so a teburin sulhu. Har sun sa shugaban gidajen tarihin Berlin, Otto Kümmel, ya tattara jerin kayan da suke cewa an raba Jamus da su tun daga shekara ta 1500. Waɗanda bala'in ya faɗa wa a Faransa su ne Yahudawa. Rundunar musamman ta Alfred Rosenberg, jigo a jam'iyyar Nazi, ta mai da ƙaramin gidan tarihi na Jeu de Paume a Paris rumbun tara kayan iyalai irin su Rothschild da David-Weill da Alphonse Kann, abubuwa sama da 20,000 suka ratsa ta wurin, Hermann Göring, na hannun daman Hitler, kuma ya yi ta zuwa da kansa yana zaɓen abin da ya yi masa. Wata ma'aikaciyar gidan, Rose Valland, wadda Jamusawan ba su san tana jin harshensu ba, ta riƙa rubuta abin da ya fita da inda aka nufa da shi a ɓoye, kuma wannan rubutu nata ya taimaka ƙwarai wajen gano kayan bayan yaƙi.

A gabas kuwa babu wannan taka-tsantsan, domin aƙidar Nazi ba ta ɗauki mutanen Poland da Rasha da Yukren a matsayin al'ummomin da suka cancanci su mallaki tarihi ba. Abin da aka ga yana da alaƙa da Jamusawa ko yammacin Turai sai a kwashe, sauran a ƙona ko a bar shi ya lalace. An ɓalle babban sassaƙen bagaden majami'ar Maryamu ta Krakow, aikin Veit Stoss, aka kai Nuremberg bisa hujjar cewa mai sassaƙar ɗan can ne. Daga tarin gidan Czartoryski an ɗauki zane uku da suka fi kowanne suna: na Leonardo da Vinci mai nuna wata mata riƙe da wata dabba mai kama da tunku, da na Rembrandt, da na Raphael mai nuna wani saurayi. Frank ya rataya su a fadar Wawel, da Sojan Sobiyet suka matso a Janairu 1945 ya tsere zuwa Bavariya. Amurkawa sun kama shi a watan Mayu, suka sami na Leonardo da na Rembrandt, aka mayar da su Krakow a 1946. Na Raphael bai sake bayyana ba. A wajen Leningrad, sojojin Jamus sun kwance ɗakin amba na fadar Katarina a 1941, ɗakin da aka lulluɓe bangonsa da wani irin ƙaron itace da ya daskare tun zamanin da, mai launin zuma, suka kai shi Königsberg, inda labarinsa ya yanke a 1945. Wanda masu ziyara ke gani a yau sabon gini ne da aka buɗe a 2003.

Da yaƙi ya zo ƙarshe, ƙasashen ƙawance na yamma sun yi abin da ba a saba gani ba a tarihin yaƙi, wato mai nasara ya tattara ganima ya mayar wa masu ita. Tun a ranar 5 ga Janairu 1943 sun fitar da sanarwa a Landan cewa suna da ikon soke duk wani cinikin dukiya da aka yi a ƙasashen da aka mamaye, ko da a fuska ya yi kama da halastaccen ciniki, kuma wannan jumla ta ƙarshe tana da muhimmanci, domin yawancin abin da aka tara wa babban gidan tarihin da Hitler ya yi burin ginawa a Linz saye aka yi, a kasuwar da mai sayarwa ba shi da bakin cewa a'a. An kafa rukunin hafsoshi masana, 'yan ɗaruruwa kacal, waɗanda suka bi sawun kayan zuwa fadar Neuschwanstein da ramukan haƙar gishiri. A ramin Altaussee na Ostiriya kaɗai an sami zane wajen 6,500, tare da sassaƙen Michelangelo da aka ɗauke daga Bruges da babban zanen bagaden majami'ar Ghent ta Beljiyam, kuma da ba don mahaƙan wurin sun fitar da bama-bamai takwas da gwamnan yankin ya sa aka ajiye a ciki ba, da duk sun tafi. Daga nan aka riƙa kai kayan cibiyoyin tattarawa a Munich da Wiesbaden, ana tantancewa, ana miƙa wa gwamnatin ƙasar da aka ɗauko su.

Kayan gidajen tarihi sun fi saurin komawa a wannan tsari, saboda dalili mai sauƙi: suna da lamba, suna da hoto, suna cikin kundi, kuma akwai hukumar da ke nemansu. Kayan iyalai ne suka maƙale, domin sau da yawa masu su an hallaka su a sansanonin kisa, kuma babu wanda ya rage da zai ce nawa ne. Faransa ta karɓi abubuwa kusan 61,000, ta mayar da kimanin 45,000 ga masu su, ta sayar da wajen 13,000, ta ajiye sama da 2,000 a gidajen tarihinta a matsayin amana, kuma ta yi shekaru da dama ba ta yi wani yunƙurin kirki na neman magada ba. Sai a 1998, lokacin da ƙasashe 44 suka amince da ƙa'idojin Washington, aka fara matsa wa gidajen tarihi su binciki asalin abin da ke hannunsu. Ƙa'idojin nan ba doka ba ne, alkawari ne na neman mafita ta adalci, kuma kowace ƙasa ta cika shi gwargwadon kunyarta.

Kullin da ya fi wuyar kwancewa yana gabas. Tarayyar Sobiyet ta yi asarar rayuka kusan miliyan 27, hukumar da ta kafa don ƙididdige ɓarnar yaƙi ta lissafa gidajen tarihi sama da 400 da aka wawushe ko aka rusa, fadojin Peterhof da Tsarskoye Selo sun zama kufai. Stalin bai jira wani taro ya yanke masa diyya ba. Rundunonin ganima na musamman, su ma da masanansu da rajistocinsu, sun bi bayan soja suna kwashe abin da gidajen tarihin Berlin da Dresden da Leipzig suka ɓoye, abubuwa da ake ƙiyasta sun haura miliyan biyu. Tsakanin 1955 da 1958 Mosko ta mayar wa Jamus ta Gabas kimanin miliyan ɗaya da rabi, ciki har da shahararren zanen Maryamu na Raphael da ke Dresden da sassaƙe-sassaƙen bagaden Pergamon, aka gabatar da abin a matsayin kyautar ɗan'uwa ga ɗan'uwa, aka kuma ba duniya fahimtar cewa babu saura. Ashe akwai. A 1991 wasu masana biyu, Konstantin Akinsha da Grigorii Kozlov, suka fallasa cewa akwai ma'adanai na sirri cike da kaya, a 1993 gwamnatin Rasha ta amsa cewa zinariyar tsohon birnin Troy, wadda aka ɗauka ta salwanta a Berlin, tana gidan tarihin Pushkin, a 1995 kuma gidan Hermitage ya baje zane 74 na masu zanen Faransa da aka kwaso daga Jamus, waɗanda aka daɗe da fid da rai da su.

Akwai lokacin da aka ga kamar za a daidaita. Yarjejeniyar maƙwabtaka da Jamus da Tarayyar Sobiyet suka ƙulla a 1990 ta tanadi mayar da kayan fasaha da suka ɓata ko aka kwashe ba bisa ƙa'ida ba. Amma majalisar dokokin Rasha ta bi wata hanya, ta zartar da dokar da ta mai da kayan mallakar ƙasa a matsayin diyyar abin da aka yi asara. Shugaba Yeltsin ya ƙi sa hannu, kotun tsarin mulki ta tilasta masa a 1998. Daga nan abin da ya koma kaɗan ne, kamar tagogin gilashi 111 na wata majami'a a Frankfurt ta bakin kogin Oder a 2002, da tsofaffin littattafan makarantar Sárospatak da aka mayar wa Hangari a 2006. Har tarin zane-zanen gidan tarihin Bremen, guda 364, da wani hafsan Sobiyet mai suna Viktor Baldin ya ɗauko a 1945, wanda shi da kansa ya yi shekaru yana rubuta wa shugabanninsa cewa a mayar, suna nan a Rasha bayan mutuwarsa.

Hujjar Rasha ba ta wasa ba ce, kuma wanda ya yi watsi da ita cikin gaggawa bai yi adalci ba. Ƙasar da ta fara yaƙi, ta ƙona gidajen tarihin wata da gangan, da wace fuska za ta zo neman nata cikakku? Bugu da ƙari, ƙasashen yamma sun taɓa yin irin wannan. Sashe na 247 na yarjejeniyar Versailles ta 1919 ya tilasta wa Jamus ta ba Beljiyam allunan bagaden Ghent da ke Berlin, alhali kuwa sarkin Prussia ya saye su da kuɗinsa tun 1821, an karɓe su ne domin rage zafin ɓarnar da sojan Jamus suka yi wa Beljiyam. Wannan karɓa ce Hitler ya riƙe a zuciya har ya sa aka ɗauke bagaden gaba ɗaya a 1942 daga garin Pau na kudancin Faransa, inda aka kai shi ajiya. Poland ma, wadda ta fi kowa kuka, tana riƙe da tarin rubuce-rubucen hannu na babban ɗakin karatun Prussia a jami'ar Jagiellonian ta Krakow, waɗanda Jamusawa suka ɓoye a yankin da ya koma nata bayan 1945, kuma amsarta ga Berlin ita ce a fara biyan ta nata.

Duk da haka, a ganina hujjar diyya ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Na farko, labarin bagaden Ghent ɗin nan shi kansa shaida ne cewa karɓar kayan tarihi a madadin ɓarna ba ta rufe asusu, sabon bashi take buɗewa, wanda wani zai zo karɓa da bindiga. Saboda haka ne ƙarin yarjejeniyar Hague ta 1954 ya faɗa a fili cewa ba a riƙe kayan al'adu a matsayin diyyar yaƙi, ko da yake Rasha na cewa dokar ba ta komawa baya ta hukunta abin da ya faru kafin ta. Na biyu, abin da rundunonin ganima suka kwasa ba duka na Jamus ba ne. A cikinsa akwai kayan da Jamusawa suka riga suka ƙwato daga Holan da Faransa da Hangari da Poland da iyalan Yahudawa, sai ya zamana wanda aka zalunta ne ke biyan diyyar laifin azzalumi. Na uku, ɓoyewar shekara arba'in da biyar ta raunana da'awar, domin mai karɓar hakkinsa ba ya kulle shi a ginshiƙi yana rantsuwa cewa bai gan shi ba. Zinariyar Troy ta ƙara nuna yadda lissafin ke rikicewa idan aka bi shi baya: Heinrich Schliemann ya tono ta a 1873 a ƙasar Daular Usmaniyya, ya fitar da ita a ɓoye, don haka Turkiyya ma tana da bakin magana, kuma Jamus da ke kukan an ƙwace mata ba ta da tsabtar hannun da take nunawa.

Ko a inda babu gwamnati a tsakani, dokokin mallaka na iya tsayawa a gaban mai kaya. A Ingila da Amurka ƙa'idar asali ita ce ɓarawo ba ya iya sayar da abin da bai mallaka ba, duk hannun da kayan suka ratsa. A yawancin ƙasashen nahiyar Turai kuwa, wanda ya saya da zuciya ɗaya yana iya zama mamallaki, a Italiya nan take, a Jamus bayan ya riƙe shekara goma, kuma damar kai ƙarar neman kaya a Jamus tana faɗuwa bayan shekara talatin. Wani zanen tulun furanni na Jan van Huysum, mallakar fadar Pitti ta Florence, wanda wani sojan Jamus ya tafi da shi lokacin mamayar Italiya, ya shafe shekaru a hannun wani iyali a Jamus, kowa ya san na sata ne, amma babu kotun da za ta tilasta a fitar da shi, masu shiga tsakani kuma suna neman a biya kuɗi. A Janairu 2019 shugaban gidajen tarihin Uffizi, Eike Schmidt, wanda shi ma Bajamushe ne, ya rataya hoton zanen marar launi a gurbinsa, aka rubuta a jiki cewa an sace shi, cikin harsuna uku. A watan Yuli na shekarar zanen ya dawo. Rana dubu ta ɓarawo, in ji Hausawa, amma a nan kunya ce ta kawo ranar mai kaya, doka ta riga ta ɗaga hannu.

Idan aka duba wajen Turai, abin da ke fitowa fili shi ne saurin komawar kaya ya danganta da yadda yaƙin ya ƙare. Iraƙi ta kwashe kayan gidan tarihin Kuwait da tarin kayan Musulunci na gidan al-Sabah zuwa Bagadaza a 1990, aka ci ta da yaƙi, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sa mayar da dukiyar Kuwait cikin sharuɗɗan tsagaita wuta, kuma kafin ƙarshen 1991 mafi yawansu sun koma. Italiya kuwa ta ɗauke dogon dutsen Aksum daga Habasha a 1937, ta kafa shi a Rum, yarjejeniyar sulhu ta 1947 ta ba ta wata goma sha takwas ta mayar da abin da ta kwasa, amma sai a 2005 aka sauke dutsen a Habasha gida uku a jirgin sama, aka sake tsayar da shi a 2008. Takarda iri ɗaya ce, bambancin shi ne Kuwait tana da masu tilastawa a bayanta, Habasha ba ta da su. Mai karatu a Nijeriya zai tuna da kayan tagulla na fadar Benin da sojan Ingila suka kwashe a 1897, waɗanda aka daɗe ana cewa babu dokar da ta shafe su tunda an yi abin kafin taron Hague na farko, har sai da Jamus ta miƙa wa Nijeriya mallakar sama da guda 1,000 a 2022, ita ma ba don wata kotu ta umurce ta ba.

Lamarin bai zama tarihi ba tukuna. A farkon Nuwamba 2022, kwanaki kafin sojojin Rasha su janye daga birnin Kherson na Yukren, an loda kayan gidan zane-zanen birnin, sama da abubuwa 10,000, a manyan motoci aka kai Simferopol da ke Kirimiya, kuma kalmar da aka yi amfani da ita ita ce dai adanawa. Ma'aikatan gidan suna ta gane zanensu ɗaya bayan ɗaya a hotuna da bidiyon da ke fitowa daga can, suna daidaita su da rajistarsu. Matsalar Yukren ba ta sanin inda kayan suke ba ce, ita ce Rasha tana ɗaukar Kherson da Kirimiya duka ƙasarta ne, don haka a dokarta ba a fitar da komai daga ko'ina ba. Na Khartoum ya fi tayar da hankali, ko da yake yaƙin basasa ne. Gidan tarihin ƙasa na Sudan, mai ɗauke da kayan masarautun Kush da Nubiya, ya kasance a yankin da dakarun RSF, masu yaƙi da sojojin gwamnati, ke riƙe da shi daga 2023 har zuwa Maris 2025, kuma da ma'aikata suka koma sun tarar an fasa ma'adanai an kwashe abubuwa masu yawa, har da zinariya. Tun Satumba 2024 hukumar UNESCO ta gargaɗi dillalai da masu saye su guji kayan tarihi da ke fitowa daga Sudan. A nan babu gwamnatin da za a zauna da ita a teburi, kayan sun watsu ta kan iyakoki zuwa hannun 'yan kasuwa, kuma duk abin da ba a ɗauki hotonsa aka rubuta siffarsa da lambarsa kafin yaƙi ba, idan ya ɓulla a gidan gwanjo a Turai ko yankin Tekun Fasha bayan shekara ashirin, Sudan za ta sha wuya kafin ta gamsar da alƙali cewa daga ma'adanarta ya fito.